Malam Talle Na Jiratawa, Wanda Aradu Ta Samu A Gona

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 1951, bayan azahar kaɗan, aradu ta faɗa wa Malam Barnaba Talle, mai bisharar Jiratawa, yana maimai a gonarsa ta bakin fadama. Nan take ya cika. Na rubuta wannan magana, na sake karanta ta, amma har yanzu ji nake kamar labarin wani mutum ne daban, ba kai ba, Malam.

Ranar Litinin fa kana shagona a bakin kasuwar Maraɗi. Ka zo da farin alawayyo a hammata, ka ce in ɗinka maka riga kafin kaka, lokacin da za a yi wa sababbin masu bi baftisma, don tsohuwar rigarka ta gaji har matarka Saudatu ta ce ba ta ƙara sa mata allura. Da na auna ka na ce ka rame. Ka ce noma ne, in bar maka wuri a rigar, in hatsi ya nuna za ka cika ta. Ka sha fura, ka tsokani maƙwabcina mai goro, ka kama hanya da ƙafa kamar kullum. Ko almakashi ban sa wa yadin ba.

Washegari da la'asar ina kan keken ɗinki, sai ga Sha'ibu, ɗaya daga cikin dattawan majami'arku, bisa dokin aro, jiƙe sharkaf. Bai yi sallama ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ishaku, tashi. Malam ba shi." Na tambaye shi wane malam. Da ya faɗi sunanka na tambaya ko ciwo ka kwanta, alhali na san jiya ka bar wurina lafiya lau. Ya ce aradu ce. Mai goro ya gaya mani daga baya cewa na ci gaba da juya keken, ba kome ƙarƙashin allurar, sai da ya zo ya riƙe mani hannu. Ban tuna wannan ba. Abin da na tuna shi ne na ɗauki yadinka na naɗe, ban san dalili ba, na hau bayan Sha'ibu.

Mun isa rana ta karkata, ruwa ya ɗauke, gari ya yi tsit. Na zaci gida za mu nufa, sai Sha'ibu ya bi da mu ta fadama. Kana nan inda ka faɗi, tsakanin kunyoyin hatsi. Rabin garin ya taru a bakin gonar, ba wanda ya sa ƙafa ciki sai Saudatu. Tana zaune a cikin laka kusa da kanka, ta rufe ka da mayafinta, tana kore ƙuda da hannu. Ƙotar hauyarka ta tsage biyu tana gefe.

Yayanka Kabo, wanda ke riƙe da tsafin gidanku tun rasuwar mahaifinku, shi ya hana a taɓa ka. A al'adar gidanku, wanda aradu ta kashe ba a ɗaga shi sai maƙera sun zo sun yayyafa nono, an yi yanka, an roƙi abin da ya jefo ta ya huce. Wanda ya taɓa gawar kafin haka, cewa ake yi ya ja ta zuwa gidansa. Kabo ya riga ya aika a kira maƙeran, amma suna ƙetaren gulbi, gulbi kuwa ya kawo, ba su isowa sai safe. Ga rana na faɗuwa, ga kuraye a fadamar nan.

Zan faɗi abin da na gani, don kai ba ka son a gyara labari. Mazan majami'arka suna tsaye a bakin gonar tare da kowa. Mutanen da ka koya wa karatu, ka yi wa 'ya'yansu addu'ar suna, ba wanda ya iya ɗaga ido. Ni ma da na sauka daga doki na tsaya nan tare da su. Shekaru ina cewa na rabu da tsoron nan, ran nan na gane yana nan kwance cikin ƙashina.

Saudatu ce ta yi magana, ba ta kuwa ɗaga murya ba. Ta dubi Kabo ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba a yi mashi yanka." Sannan ta juyo wajenmu. "Shekara da shekaru yana karanta maku cewa sama ta Allah ce, da ruwanta da tsawarta. Yau da ba shi da bakin hanawa za ku bari a yanka akuya a kansa? In ba mai kama mani, ni zan ja shi."

Ta zura hannuwa ƙarƙashin kafaɗunka ta yunƙura, ta kasa, ta zame cikin laka, ta sake yunƙurawa. Kunya ce ta shigar da ni gonar, ba bangaskiya ba. Sha'ibu ya biyo ni. Muna ƙoƙarin daidaita ka sai na ji mutum a bayana yana numfashi sama-sama. Kabo ne, da layunsa a damtse. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni na goye shi da uwarmu ta mutu. In za ta faɗo, ta faɗo." Ya kama ƙafafunka. Haka muka kai ka gida, mutane na darewa suna ba mu hanya.

Da muka wanke ka ba mu sami kome ba sai wani zane siriri daga kafaɗa zuwa ƙugu, kamar reshen itace. Fuskarka kamar ta mai barcin rana. Ranar Laraba da hantsi muka naɗe ka cikin alawayyon da ka kawo mani, muka bizne ka bayan majami'ar da ka gina. Maƙeran sun iso muna mayar da ƙasa. Kabo ya ba su ruwa, ya sallame su.

Tun kafin ƙasar kabarinka ta bushe magana ta zaga Jiratawa, ta kai Tsibiri, ta riga ni komawa Maraɗi. Ana cewa iskokin gidanku ne suka gaji da jira suka karɓi bashin shekarun da ka hana su jini. Da a bakin arna kaɗai maganar ta tsaya da ban damu ba, don abin da suka gaskata ke nan. Amma ranar Lahadi, kafin mu shiga sujada a Jiratawa, Sha'ibu ya ja ni gefe. Ya ce matarsa ta ƙi zuwa, da wasu gidaje biyu. Ya tambaye ni, murya ƙasa, ko akwai wani laifi da ka ɓoye wanda Allah ya tona ta wannan hanya, don bai ga yadda za a yi wuta ta sauko daga sama ta bar dukan mugayen garin ta zaɓe ka ba.

Muka shiga majami'a. Na buɗe Linjila inda aka gaya wa Ubangijinmu labarin waɗansu da suka yi mummunar mutuwa, shi kuma ya tuna masu da mutanen da hasumiya ta rushe a kansu, ya tambaya ko suna zaton waɗannan sun fi sauran mutanen birnin laifi ne. Ya ce a'a, ya juyar da maganar kan masu sauraro, su duba tasu tuba. Na karanta wa jama'a wannan. Na ce masu ban san abin da ya sa Allah ya ɗauke ka haka ba, Littafi bai gaya mani ba, ba ni kuwa ƙaga masu dalili. Abin da aka rubuta dai shi ne irin mutuwar mutum ba ita ke nuna matsayinsa wurin Allah ba. Ko maganar ta shiga, ban sani ba. Matar Sha'ibu dai ta zo gaisuwa da yamma.

Ga waɗanda ba su san ka ba, a Tsibiri muka haɗu, shekaru kaɗan kafin babban yaƙi. Ka zo ɗakin maganin mishan da gyambo a ƙwauri, da warki, da wuƙa a damtse, ba ka yarda ka sha ko ruwan wurin ba. Ni lokacin ina koyon ɗinki a mishan ɗin. Kowace safiya kafin a fara wanke miki akan yi karatu, kai kuwa ka kan juya baya. Wata rana aka karanta labarin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya, sai ka juyo ka ce wa mai karatun ƙarya ne, ba makiyayin da zai yi wannan wauta. Ka ce ya nuna maka inda aka rubuta. Ya nuna maka, ka ƙura wa baƙaƙen ido ba ka gane kome ba, ranka ya ɓaci. Gyambon ya warke, ba ka koma gida ba. Ka ce ba ka barin wani ya riƙa gaya maka abin da ke cikin takarda sai ka gani da idonka.

Ka haura talatin sa'ad da ka fara a, ba, ca, kana zaune cikin yara, suna yi maka dariya. Har ka mutu karatunka a hankali yake, da yatsa bisa layi, leɓe na motsi. Littafi Mai Tsarki naka na farko da noman damana guda ka same shi a gonar mishan, ka ɗinka masa gafaka da fatar akuya. Amma duk ƙaunarka gare shi, ba ka yarda a mai da shi tsafi ba. Wata mata ta taɓa roƙon ka ara mata shi ta sa ƙarƙashin kan ɗanta mai firgita. Ka ce mata ba a matashi da shi, karanta shi ake yi. Ka bi ta har gida, ka zauna bakin ɗaki ka karanta wa yaron har ya yi barci, ka dawo da abinka.

Shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, ruwa ya shigo Tsibiri da sassafe, kowa na ta kansa. Ka fitar da Saudatu da yara zuwa tudu, ka koma ɗauko Littafin. A hanya ka ji kukan Inna Zuliha, tsohuwar 'yar borin da ke bayan gidanka, wadda ta daɗe tana zubar maka da toka a ƙofa don ka tashi daga unguwar. Ƙafafunta sun mutu, 'yan gidan sun gudu sun bar ta. Ba ka iya goya ta ka kuma riƙe Littafin, sai ka sa shi cikin masaki, ka ɗora mata a ka, ka ce ta riƙe da kyau. Ta tambaye ka ko ba zai ƙone ta ba. Ka ce ta dai kula kar ya jiƙe. Muna bisa tudu muka hango ku, ruwa har ƙirjinka, tsohuwa a bayanka ta rungume masaki da hannu biyu tana zaginka ka bi a hankali. Ko shafi ɗaya bai jiƙe ba. Baturen mishan ya ji labarin ya yi murna, ya so ya rubuta wa mutanensu cewa shugabar bori ta karɓi Maganar Allah. Ka ce mashi kada ya rubuta haka, ba ta tuba ba, masaki kawai ta riƙe. Ba ta kuwa tuba ba har ta mutu, sai dai ta bar zuba toka, kuma duk kaka tana aiko maka da daddawa.

Bayan haka aka aike ka garinku Jiratawa, inda kowa ya san ka tun kana tallen da ba shi da uwa. A shekararka ta fari, da zafin sabon aiki, ka hana masu bi cin tuwo a gidajen 'yan'uwansu arna, ka hana su zuwa gayyarsu. Kai kanka ka ɗauke ƙafa daga gidan Kabo. Iyalai suka rabu, wasu suka yi damana ba mai taya su noma. Ana nan kana bin wasiƙun Manzo Bulus a hankali irin naka, sai ka iske inda ya yarda mai bi ya amsa gayyatar wanda ba mai bi ba, ya ci abin da aka sa mashi, sai fa in an ce mashi yankan tsafi ne. Ka taka har Tsibiri ka tambayi malamanka ko ka fahimta daidai. Ranar Lahadi ka miƙe gaban 'yar jama'arka ka ce, "Na ɗora maku kayan da Allah bai ɗora maku ba. Maganata ce na sa a bakin Littafi. Ku gafarta mani." Wani dattijo ya ce maka daga baya ai malami ba ya yin haka gaban mata da yara, girmansa zai zube. Ka ce gara naka ya zube da na Littafin. Ranar gayyar Kabo kai ka fara isa da hauya. Naman da aka yanka a gindin tsafi dai ba ka taɓa ci ba, Kabo kuwa ya san haka, ya kan sa a dafa maka naka dabam.

Malam Abdulmutallib, limamin unguwarku, ya zo gaisuwa ranar da muka bizne ka. Shekaru kuna zama ƙarƙashin itacen bedi ɗaya bayan la'asar kuna musu, ba wanda ya ja wani. Ran nan ya zauna tare da mu. Da zai tashi ya ce mani ya yi musu da mutane da yawa a rayuwarsa, amma kai kaɗai ne in ya yi maka tambayar da littafinka bai amsa ba za ka ce bai amsa ba, ba ka taɓa ƙara masa ko kalma don ka kayar da shi ba. Ya ce kwana ne ya ƙare, masu maganar iskoki su ji tsoron Allah.

Jarrabawarka mafi nauyi ta zo bara da rani, lokacin sanƙarau. Waɗanda suka ga wannan rani ba su bukatar in tuna masu. Yaro na wasa da safe, da yamma wuya ya sanƙare, washegari a haƙa rami. Kumandan, baturen mulki, ya sa aka tsare hanyoyi, aka hana cin kasuwa. Cikin wannan hali wani baƙo ya ɓullo ta hanyar Katsina, da farar riga har ƙasa da ƙararrawa a hannu, yana kiran kansa manzo. Da sunan Yesu yake addu'a, ya kuma san Littafi, ba a raina shi nan. Yana rubuta ayoyin Zabura a allo ya wanke a sha, yana ɗinke wasu cikin fata a rataya wa yara. Ya ce duk wanda ya rataya, annoba ba ta kusantar ɗakinsa, don haka aka rubuta. Wanda kuwa ya mutu da ita a wuya, bangaskiyar iyayensa ce ta gaza.

Ba ka kore shi ba. Ka sauke shi a zaurenka, Saudatu ta yi mashi tuwo, kuka zauna da Littafi a tsakaninku. Abin da ka roƙe shi kawai shi ne ya karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta. Ka nuna mashi cewa Zaburar nan da yake rubutawa, ita Shaiɗan ya jawo wa Ubangijinmu a kan hasumiyar Haikali don ya sa shi ya gwada Allah, Ubangiji kuwa ya ƙi. Ka nuna mashi manzannin da suka yi ciwo, da bayin Allah da suka bizne 'ya'yansu. Ka ce mashi ka bar layun gidan ubanka ba don ka sāke su da na Zabura ba, kuma ba ka yarda a gaya wa uwar da ta rasa ɗa cewa ita ta kashe shi da ƙarancin bangaskiya. Baƙon ya tattara kayansa ya koma gindin tsamiyar bakin gari. Rabin majami'arka suka bi shi. Cikinsu har da Hamidu, amininka, wanda kuka kwaɓa ƙasar ginin majami'ar tare.

Sai ciwon ya kama Rahmatu, autarka, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Saudatu ta gaya mani Hamidu ya shigo gidan da gudu, da laya a hannu, ya durƙusa gabanka yana kuka. Ya ce ɗansa na sanye da irinta kuma lafiyarsa lau, ka bari a rataya mata ko na kwana ɗaya ne, ba mai sani. Ta ce ka dubi yarinyar, kanta ya lanƙwashe baya, ka dubi layar, hawaye na zuba har gemunka. Ita kanta Saudatu ta ce da ka miƙa hannu da ba ta hana ka ba. Ka ce, "Hamidu, na gode. Amma in na rataya mata, me na gaya mata game da Allah? Cewa ana ɗaure shi da zare?" Ka yi addu'a, ka ɗora ta bisa jaki, ka riƙe ta har Maraɗi, ka yi ta roƙon masu tsaron hanya har suka bar ka ka kai ta wurin likita. A gidana kuka sauka. Na ga yadda ka zauna bakin tabarmarta ba ci ba sha.

Ta rayu, amma ciwon ya tafi da jinta. Ɗan Hamidu ko ciwon kai bai yi ba. Mutane suka ce ka sayar da kunnuwan ɗiyarka don taurin kai. Da ruwa ya sauka baƙon ya yi gaba, bayan an bizne yara da dama da layunsa a wuya. Wasu suka dawo majami'a a kunyace, ka karɓe su ba tare da ka tuna masu kome ba. Hamidu bai dawo ba. Kana zuwa gaishe shi duk da haka. A makon nan na ji wasu daga cikin mutanen tsamiya na cewa da ka rataya layar da aradu ta tsallake ka.

Hamidu ya zo zaman makoki. Ya zauna can ƙarshen tabarma, layar na nan a damtsensa, bai ɓoye ta ba. Ranar Juma'a da safe aka gan shi shi kaɗai cikin gonarka, wadda ba mai yarda ya bi ko ta gefenta, yana ƙarasa maimain daga daidai kunyar da ka tsaya. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, ba ni kuwa cewa ya dawo. Abin da na gani ke nan.

Ya Allah, Uban Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai ka ba mu bawanka Barnaba, kai ka karɓe shi cikin ƙiftawar ido, ba ka shawarce mu ba, mun kuwa gigice. Ka ji ƙansa, ka hutar da shi wurinka har ranar tashin matattu, ba don aikinsa ba, don jinin Ɗanka da ya dogara gare shi. Ka tsare 'yar majami'ar Jiratawa daga tsoro da baƙuwar koyarwa, ka tashe mata wanda zai karanta mata Maganarka yadda take.

Saudatu, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka maki tsayuwar da kika yi ranar da maza suka kasa. Baba Kabo, Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tsare gidanka. Mun ga abin da ka yi wa ƙanenka, ba mu mantawa. Ga 'ya'yansa maza da ke karatun boko a lakwal ta Maraɗi, da masu bi na Jiratawa da Tsibiri da Maraɗi, da maƙwabtansa Musulmi da arna da suka zo suka zauna da mu, ina miƙa gaisuwata. Allah ya ba mu jimiri.

Saura ke, Rahmatu. Mutane sun yi ta shigowa suna durƙusawa suna gaisuwa, ke kuwa bakunansu kawai kike gani. Domin ke na zauna na rubuta wannan, don ki karanta da idonki. Kin san yadda Baba ya yi da ya ga kunnenki ya toshe: ya ce in Magana ba ta shiga ta kunne za ta shiga ta ido, ya riƙa zama da ke kowace safiya kafin ya tafi gona, yana zana maki baƙaƙe a ƙasa, yana nuna maki abin da kowace kalma ke nufi, har kika wuce shi sauri.

Ranar da za a watse zaman makoki kin ɗauko gafakarsa kin kawo mani, kin buɗe inda kuka tsaya, kin nuna mani in karanta wa jama'a. Kin zauna kusa da ni kina bin yatsana. Da na kai tsakiya hawaye suka rufe mani ido, na tsallake layi ban sani ba, ba kuwa wanda ya lura cikin masu ji. Sai na ji kin kama yatsana, kin mayar da shi sama, kin danna shi bisa layin da na bari. Na koma na karanta shi.

Allah ya raya ki, ɗiyata, ya zama uba gare ki. Amin.

Ishaku Baraka, tela, bakin kasuwar Maraɗi.